'Yar Zugu Mai Ja Hagu

Ja ce, ja irin na nunannen tumatir, kuma daga ƙarƙashin teburin wani mai goro ta fito a kasuwar Djougou, ba mai jan ta da zare, ba mai tura ta. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Ta tsaya a tsakiyar hanya kamar mai tunanin inda za ta, fitilunta biyu suka kawo haske da rana tsaka, sannan ta karya kwana ta bi ta tsakanin ƙafafun wata mai tallan wagashi, cukun nan na nonon shanu, matar ta yi tsalle tana salati. A lokacin ina aparanti, wato ɗan koyon sana'a, a rumfar gyaran rediyo ta Maigida Yaya. An aike ni sayen dalma ne, da littafin soyayya a aljihuna, irin waɗanda masu atamfa ke tahowa da su daga Kano. Na sha karanta yadda saurayi ke hango budurwa ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa, ina ɗauka ƙarin gishiri ne na marubuta. Ran nan na yarda da su. Na bi motar nan har ƙofar masallaci, inda na tarar da ɗan wani attajiri riƙe da baƙin akwati mai eriya, yana murza 'yan sanduna biyu da manyan yatsunsa. Dalmar da aka aike ni sai bayan la'asar ta isa rumfa.

Ina ba da wannan labari ne saboda ku samarin da kuke zuwa rumfata a Kpébié, nan Parakou, kowa da waya a hannu, kuna nuna min bidiyon wani ya buɗe kwali, ya ɗaura sukurori, kafin shayi ya huce motarsa tana gudu. Kuna cewa ai Malam Salifu wannan sana'a wasa ce. Sannan idonku ya kai kan shuɗiyar kamiyon nan, 'yar motar ɗaukar kaya mai tsohon sitiyari a gefenta, ku roƙa in bar ku ku gwada. In bar ku, ku kai ta bangon hagu kai tsaye, ku juyo kuna dariya wai na tsufa ban iya daidaita taya ba. Har akwai mai zaro sukudireba. To a mayar da shi aljihu, a samu benci a zauna.

Jar motar nan ba ta daɗe ba ta zo rumfarmu a cikin leda, mai ita ya tuƙa ta cikin kwata. Maigida Yaya Badende ne, ɗan wata ƙabila ta yankin, mai ƙaramar murya da manyan tabarau, kuma da hanci yake fara gyara: sai ya shinshina cikin rediyo ya nuna maka inda ya ƙone. Ya kwance motar a kan tsumma, ni kuwa ina zare ido kamar ana buɗe lefen gimbiya. Ya ce in daina zare ido, rediyo biyu ne kawai, wanda ke hannu yana magana, wanda ke cikin mota yana saurare. Ya ba ni tsohon buroshin goge baki na wanke kowane haƙorin giya ɗaya bayan ɗaya. Da ta tashi, shi ya fara tuƙa ta a cikin rumfa, dattijo da furfura, ya kai ta ƙarƙashin benci yana dariya ba sauti. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

A hannunsa na koyi narka dalma da ƙarfen da ake ɗorawa a kan gawayi idan an ɗauke wuta, da gane waya mai rai, da haƙurin neman sukurun da ya faɗi cikin yashi. Ranar liberasiyon ɗina, bikin da ake yi wa aparanti in ya gama koyo, ya ba ni 'yan bulalan ban kwana a tafin hannu kamar yadda aka saba, ya miƙa min nasa ƙarfen dalma, ya ce ya sani ba zan tsaya a rediyo ba, hankalina yana kan abin da ke da taya.

Kamiyon farko da na ƙera bayan na dawo Parakou, da igiya na auna ta. Har yau haka nake yi. Sai in je tasha in samu babbar motar da nake so, in ja igiya daga hancinta zuwa wutsiya, in yanke, in ninka igiyar biyu, in sake ninkawa, har sau huɗu. Abin da ya rage shi ne tsawon ƙaramar. Haka zan yi wa taya, da ƙofa, da gilashi, da tsayin katakon baya. Direbobi suka ɗauka wani asiri nake yi wa motocinsu, har wani ya bi ni da sanda. Kan motar da bututun roba na ruwa nake yin sa: a tsaga shi, a gasa a kan gawayi har ya yi laushi kamar ƙullin alkaki, a danne da katako ya miƙe. In ka ɗan yi hamma ya ƙone ya yi baƙi, sai ka sake wani. Injin daga mataccen injin huda nake ciro shi, batir daga tsofaffin kwamfutoci, taya daga ƙasan silifa, in zana mata zane da wuƙa mai zafi. Lam kuwa, ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota, da tsofaffin bakin zarto nake yin su, a sa a wuta, a lanƙwasa, a jera su babba a sama ƙarami a ƙasa. Abu biyu kawai nake saye: ɗan rediyon da ke saurare, da ɗan injin da ke juya tayoyin gaba. Ranar da waccan ta farko ta taka ƙasa, lam ɗinta suka lotsa suka dawo kamar numfashi, na rantse ban ci abincin rana ba don murna.

Masu saye suka fara zuwa, yawancinsu masu manyan motoci ne da dillalan shanu. Kowa so yake a yi masa tasa ya ajiye a falo, baƙi su gani. Kuma kowa, da zarar na ba shi telekomand, wato akwatin tuƙin, abin da zai fara yi shi ne lodi. Wani Alhaji ya ɗora wa tasa mudun shinkafa, ya ƙara sabulu, ya ƙara takalminsa, har shasi, ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, ya taɓa ƙasa, sannan ya dube ni ya ce a ƙara mata lam, kamar yadda yake faɗa wa makanikinsa. Na ƙara. Mutanenmu ba su yarda da motar da ba ta sha kaya ba, ko da ta wasa ce. Abu na biyu da na lura da shi, ba mai son a yi masa motarsa yadda take. In gilashinta ya tsage, a ƙaramar lafiyayye yake so. In fentinta ya koɗe, a ƙaramar sai ya yi ƙyalli. Ni kuwa abin ya zo daidai da halina. A littattafan da na taso da su ba a yin budurwa mai giɓi ko ɗingishi, duk dogon hanci ne da fararen idanu. Haka nake fitar da motocina, kowacce kamar ranar da za a kai ta ɗakin miji.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka. Manyan motoci suka jeru a bakin titi har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, kaji suna ƙwai a bayan taya. Mutumin da babbar motarsa ba ta motsi ba ya tunanin ƙarama. Kayan da nake saye daga Legas suka yanke. Na koma gyaran fanka da tocila, rumfa ta yi shiru, motoci biyu da na gama suna kan kanta suna kallona kamar 'yan matan da aka fasa zuwa zance wurinsu.

A cikin wannan shiru wata mata ta yi sallama da buhu a ka. Ta sauke, ta zazzage, sai ga sitiyarin babbar mota, na gaske, baƙi, ya sha hannu har yana sheƙi. Ta ce sunanta Rakiya, atamfa take sayarwa a kasuwa, mahaifinta kuma Baba Mumuni ne na Djougou, wanda ya yi rayuwarsa yana ɗauko shanu daga kasuwannin ƙauye da wata shuɗiyar kamiyo da ake kira 'Yar Zugu. Zugu shi ne yadda tsofaffinmu ke kiran Djougou. Hawan jini ya kayar da shi, ƙafar hagu ta shanye, hannun hagu ya yi rauni. Yana kwance a asibiti 'yan'uwanta maza suka sayar da motar ga masu yanka tsohon ƙarfe don a biya magani. Ita ta bi su har inda ake yankan, sitiyarin kawai ta samu. Tun da aka faɗa masa ya juya fuska bango. Likita ya ce hannun zai dawo in ana motsa shi, in ba a motsa ba zai ƙandare, ɗayan ma ya bi shi. Baba kuwa ya ƙi. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce shi ba jariri ba ne. Abinci ma sai an yi da gaske.

"Malam Salifu," in ji ta, "ƙaramar 'Yar Zugu nake so ka ƙera min, amma ba ta ado ba. Wadda zai tuƙa da wannan nake so. In ya kama wannan, na san hannun zai motsa."

Ban taɓa yin irin wannan ba, kuma kafin ta rufe baki na riga na fara ƙera ta a kaina. Hoto ɗaya ta bar min, Baba yana tsaye a gaban motar da hula a karkace. Na kwance motocin nan biyu na kan kanta na cire musu rediyo da injin juya taya. Sitiyarin na kafa shi a kan teburin katako daidai tsayin mai zaune a kujera, na haɗa gindinsa da maɓallin ƙara murya na wata tsohuwar rediyo, da haƙoran giya a tsakani don ya yi juyi mai yawa kamar na babbar mota. Totur na yi shi da fedar keken ɗinki, tunda ƙafar dama lafiya take. Giyar gaba da baya kuma sandar ƙarfe ce mai kan katako. Ranar da na murza wannan ƙaton sitiyari, ƙananan tayoyi suka juya a can ƙarshen rumfa, na fita waje na kira mai shayi da mai faci su zo su gani, don abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Jikin motar kuwa na zuba mata duk abin da na iya. Shuɗi mai zurfi, baki da fari a gefe, madubai biyu daga madubin kwalli, fitilu masu haske kamar idon amarya. Shasi na auna shi da zare har sai da ya miƙe sak. In ka sake ta a kan siminti, tafiya take kamar an ja layi. Ban taɓa yin mai kyanta ba.

Muka ɗauke ta a mota zuwa Djougou, ni da Rakiya, tana kan cinyata cikin zane. Gidan babba ne, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Baba ya ƙi fitowa, sai da Rakiya ta shiga da sitiyarin ta ajiye a inda zai gani. Aka ɗauko shi aka zaunar a kujera, dogon mutum da ya rame har riga tana yawo a jikinsa. Maƙwabta suka cika zaure, yara suka hau katanga. Na yaye zanen. Ya dube ta ya daɗe, sannan ya dube ni.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "Ta wa ce?"

Rakiya ta ce ai 'Yar Zugu ce, Baba. Ya kawar da kai. Amma da aka matso da teburin, hannunsa na dama ya tafi kan sitiyarin da kansa, na hagun ma ya bi a hankali har ya kama. Na nuna masa feda. Ya taka. Motar ta tashi da kyau, ta yi 'yar tafiya, sai ta karkata dama ta je ta daki randar ruwa. Aka ce ba komai, farko ne. Na dawo da ita tsakiya. Ya sake takawa, ta sake bin hanyar nan tak, ta wuce randa ta shige ƙarƙashin turmi, fitila ɗaya ta fashe. Yaran kan katanga suka fashe da dariya. Baba ya sauke hannuwansa kan cinya ya dube su kamar ba nasa ba.

"Hannun ya mutu," ya ce. "Ku mayar da ni ɗaki."

Aka mayar da shi. Rakiya ta bi shi da kwanon fura ta fito da shi a cike. Mun zo mu tayar da mutum mun ƙara kwantar da shi, don da yana zargin hannun ne kawai, yanzu kuwa ya gani da idonsa a gaban jama'a.

Bayan mutane sun watse na zauna a kujerar na gwada da kaina. Sak ta tafi har zaure. To me ya faru? Abin da ya tsaya min shi ne sau biyun nan hanya ɗaya ta bi, kamar an shata mata. Hannun da ya mutu ba ya maimaita kuskure daidai wa daida. Ina wannan tunani ina shafa sitiyarin, sai yatsuna suka faɗa wasu wurare biyu da suka lotsa suka yi santsi, inda tafin hannunsa ya cinye robar. Ni na saita tsakiyar sitiyarin ne da sandunansa, yadda kowa zai yi. Amma wuraren nan biyu ba a daidai suke ba: na dama yana sama, na hagu yana ƙasa. Na kama nan inda ya saba kamawa, na daidaita hannuwana kamar mai tafiya a miƙaƙƙen titi, na taka feda. Ta tafi ta daki randa.

Na tashi da gudu na nufi tasha, har na manta takalmi ɗaya a ƙarƙashin mangwaro. Na tambayi wanda ya san 'Yar Zugu, aka nuna min wani ƙaton direba mai suna Zakari Dogo, wanda ya yi wa Baba yaron mota tun yana saurayi. Yana cin doya da miya a kan benci. Da na faɗa masa abin da ya faru, ya yi dariya har ya ƙware, ya kira sauran direbobi su zo su ji wanda ya miƙar da 'Yar Zugu.

Ya ce tun wata damina da ta zame a wata gada a hanyar Partago, da shanu a bayanta, shasinta ya karkace, ba makanikin da ya iya miƙar da shi. Tun daga ranar hagu take ja, in da lodi ta fi ja. Baba ya riƙe ta a karkace zuwa dama shekara da shekaru, har ya manta yana yi. Duk wanda ya karɓe ta sai ya kai ta ramin hagu, shi ya sa ko makulli ba ya cirewa a tasha. Wani Alhaji ya taɓa ba shi sabuwar mota fil, bai kai ƙarshen gari ba ya kusa kwashe masu tallan gefen dama, ya dawo da ita ya ce motar ba ta da lafiya.

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wannan ya ce ƙofar yaron mota da igiya ake ɗaure ta. Wancan ya ce fitilar dama sama take kallo, tsuntsayen kan bishiya take haskawa. Wani ya ce an ƙara mata lam a hagu ya fi na dama, shi ya sa in ba kaya take tafiya da kafaɗa ɗaya a sama kamar mai jin kanta. Katako ɗaya na baya kore ne, daga wata motar aka ciro. Hon ɗinta ya dishe, kukan tsohon rago yake yi. Birkin hannu kuwa babu, duk inda aka tsaya sai an sa mata kal, dutsen da ake tare taya da shi. Suna faɗa suna dariya, amma kamar masu zancen wata tsohuwar budurwar unguwa da kowa ya taɓa so. Zakari ya ce min, "Abokina, amarya ka kai masa. Shi kuwa uwar 'ya'yansa yake nema."

Da na so sauƙi, da na kwance maɓallin nan na juya shi kaɗan, tuƙi ya daidaita da hannun Baba, shi ke nan. Amma da ta zama baƙuwa mai biyayya kawai, zai sake tambaya ta wa ce. Na nannaɗe ta na koma Parakou.

Aikin lalata ta ya fi na ƙera ta wuya, kuma ya fi daɗi, ban zata ba. Na ɗaure shasin a bakin tebur na gasa shi, na murɗa kaɗan, na gwada, na ƙara, har sai da ta koma tafiya sak idan an kama sitiyari a wuraren nan biyu. Na ƙara bakin zarto a lam ɗin hagu. Na cire ƙofa na mayar da ita da zaren buhu. Na ɗaga fitilar dama sama. Fentin da na yi kwanaki ina gogewa na bi shi da yashi da toka, na ɗiga baƙin mai a ƙarƙashin inji, na shafa kore a katako ɗaya. Hon na sa masa ɗan tsumma a baki har ya dishe. Na sassaƙa shanu da itace, na cusa musu ƙusoshi a ciki don su yi nauyi, saboda ta ƙara ja in an yi lodi. Mai shayi ya leƙo ya tambaya ko lafiyata ƙalau. Da na gama na ja baya na dube ta, kafaɗa ɗaya a sama, ido ɗaya yana kallon rufi, sai na ga duk motocin da na yi a baya 'yan tsana ne. Wannan ita ce mai rai.

Karo na biyu Rakiya ta hana kowa shigowa, ta kori yaran katanga. Baba ya ƙara ramewa, ya kuma ce ba zai fito ba.  Na ajiye motar a bakin ƙofar ɗakinsa na danna hon. Tsohon ragon nan ya yi kuka. Muka ji tabarma ta motsa. Ya juyo, ya ga ƙofar da aka ɗaure da zare, ya ga koren katakon, ya ga fitilar da ke kallon sama. Sai idonsa ya kai kan shanun da na jera a baya.

"Wane mahaukaci ne ya yi wannan lodin?" ya ce.

Na ce ni ne, Baba. Ya ce ai ya gani. Manyan bijimai gaba ake sa su kusa da kai, a jera su wannan kai nan wancan kai can don kada su soki juna, ƙanana a baya, kuma ina yashin da ake zubawa a ƙasa don kada su zame? Haka zan kai wa mutane dukiyarsu Cotonou da karyayyun ƙafafu? Rakiya ta ce rabon da ta ji ya yi magana mai tsawo haka tun kafin ya faɗi. Ya ce a fito da shi. Aka zaunar da shi, aka ɗebo yashi a murfin kwano, ya jera shanun da kansa, hannun hagu yana rawa yana kayar da su, yana tsaki yana sake ɗagawa. Sannan ya kama sitiyarin a wurarensa, ya yi bisimilla, ya taka.

Ta wuce randa. Ta wuce turmi. Ta bi tsakiyar tsakar gida sak, tana rangaji da kayanta, ta shige zaure, ta fita titi. Muka ji wani mai babur yana salati a waje. Baba ya ɗaga ƙafar dama daga feda ya laluba birki, ya tuna babu shi. Ya ja sandar baya, ya dawo da ita da baya ta cikin zaure ba ta taɓa bango ba, ya tsayar da ita a gaban ƙafarsa. Gumi yana zuba a goshinsa. Ya dube ni ya ce, "Kai mai rediyo, ka tsaya kana kallona. Ina kal?" Na tsinci ɗan dutse kamar ƙwayar dabino na sa a bayan tayarta. Sannan ya tambayi Rakiya ko akwai sauran furar nan.

Tun daga wannan aiki, duk wanda ya kawo min hoton motarsa, sai na je tasha na zauna da direbanta da yaron motarta, na tambaye su ina take ciwo. Abin da ba ya zuwa a cikin kwalinku ke nan.

Baba Mumuni ya yi shekaru bayan haka. Ƙafar ba ta dawo ba, amma hannun ya dawo har yana ɗaure zaren ƙofar da kansa in ya tsinke. Aka fitar da teburin ƙofar gida, yaran mota na tasha suka riƙa zuwa da yamma yana koya musu ja da baya da lodin shanu, yana zagin wanda ya taɓa bango. Zakari Dogo ya ce har yau a tashar Djougou ana gane wanda ya koya a wurin Baba, don a watanninsa na farko sai an riƙa ture shi daga gefen dama. Nakan je lokaci-lokaci in canja mata batir, kowane zuwa sai ya gargaɗe ni kada in kuskura in gyara mata komai. Bara Rakiya ta sake yin sallama a rumfata da buhu a ka, motar da sitiyarinta a ciki. Ta ce ranar da Allah zai karɓi ransa, bayan la'asar ya sallami yaran, ya tuƙa motar har cikin ɗaki, ya ja ta da baya ƙarƙashin gado kamar kullum, ya ce gobe kasuwar Partago ce, a tashe shi da wuri. Da suka janyo ta bayan kwana bakwai, suka tarar ya sa mata kal ɗinta. Rakiya ta kwance bakin zanenta ta miƙo min ɗan dutsen, ta ce a haɗa da shi, Baba ba ya barin ta haka nan.